Nicanor Poma da Irin Dankalin Jami'a

Nicanor Poma ɗan kawuna ne. Na girme shi da wata bakwai, kuma ni na samo masa aiki a jami'a. Shekara da shekaru, duk wanda ya yabe shi a gabana sai na ce masa, "Ƙwarai kuwa, ai ni na kawo shi nan." Ban taɓa ganin wanda wannan ƙarin bayanin ya dama ba.

A Uchupata aka haife mu, can saman tsaunuka, gida ɗaya, tukunya ɗaya. Muna aji huɗu mahaifinsa ya rasu, aka cire shi daga makaranta ya kama gonar uwarsa, ni kuwa aka tura ni birni wurin wata gwaggonmu. Na yi sakandare, na yi kwas na shekara uku a kan aikin ɗakin gwaje-gwaje, na je ƙauye hutu da takalmi sau-ciki da agogo a hannu. An taru a kaina yini guda. Kashegari kakarmu ta koma kiran Nicanor ya zo ya zaɓar mata irin da za ta ajiye, don a ganinta duk ƙauyen ba mai idonsa. Yakan zura hannu cikin buhu yana hira, ya zaro ƙwaya ɗaya ya jefar, ya ce wannan ba za ta yi ba. In ka fasa ta sai ka ga gaskiyarsa. Ina tsaye a gefe ina faɗa musu sunan cutar yadda yake a littafi, kakarmu tana ce mini in matsa na tare mata rana.

A shekarun tashin hankali, da mutane suka riƙa gudowa daga ƙauyuka, Nicanor ya sauko birni da matarsa Demetria da jaririya a goye. Lokacin na riga na kama aiki a tsangayar aikin gona ta jami'ar garinmu, ina gwada ƙasa da iri. Ana neman lebura a gonar gwaji, na kai sunansa. A raina na ce to yanzu kowa ya san matsayinsa: ni a ciki da farar riga, shi a waje da fartanya.

Bai shekara biyar ba aka damƙa masa makullin siton iri. Ɗalibai kuma suka mayar da siton gidan ubansu. Yawancinsu 'ya'yan manoma ne da suka zo daga nesa, ba su da kowa a gari. A nan suke fakewa in ana ruwa, a nan suke cin soyayyar masarar da kullum take cikin gwangwaninsa. Wata shekara aka yi yajin aiki na wata huɗu, kowa ya watse, shi kuwa kullum sai ya tako daga unguwarsu ya ba gonakin gwajin ɗalibai ruwa, don in suka bushe, aikin shekara guda na yaran ya tafi ke nan. Ba wanda ya sa shi. 'Yan ƙungiyar ma'aikata ma sun yi masa faɗa, ya ce musu shi yana yajin aiki kamar kowa, dankalin ne bai san ana yi ba.

Akwai shafin godiya da ɗalibai ke sawa a farkon kundin digirinsu. Ina jin kunyar faɗa, amma na sha shiga laburare in jawo kundaye in buɗe wannan shafin kawai. Sunan Don Nicanor, yadda suke kiransa don girmamawa, yana nan kusa da na iyayensu, wani lokaci ma kafin na malaminsu. Da ƙirgen kundayen ya wuce talatin na daina dubawa. Nawa sunan na gan shi sau biyu, a ɗayan ma an rubuta shi ba daidai ba, alhali duk alƙaluman da ke cikin kundayen nan daga hannuna suka fito. A gida ma ban huta ba. In famfo ya lalace, in yaronmu ya ƙi karatu, in maƙwabci ya ja mu da rigima, abin da matata Zenobia take fara cewa shi ne in tambayi Nicanor.

Shi bai san ina fama da komai ba, ko kuma haka na zata. Yana kirana Yaya Injiniya, ya san sarai ni ba injiniya ba ne. Ni kuma ina kiransa Sarkin Dankali. Kusan kullum tare muke cin abincin rana a bakin sito.

Shugaban aikin dankali a lokacin shi ne Dokta Arístides Baldeón. Ba mugun mutum ba ne, gara in faɗi wannan. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana haɗa wani iri mai jure daskararriyar raɓar da ke ƙone mana gonaki a dare ɗaya, kuma irin ya yi kyau da gaske. Masu ɗaukar nauyin aikin ne suka gaji da jira, suka ce ko dai a raba wa manoma a daminar bana, ko su janye hannu. Irin da ke akwai bai isa ba. Sai Dokta ya kama haya a wani kwari mai zafi inda ake noma sau biyu a shekara, ya yawaita shi a can, aka kwaso buhu ɗari huɗu aka jibge a siton Nicanor. Ƙauyuka goma sha huɗu aka yi wa alkawari. An sa ranar biki, an gayyaci manya da 'yan jarida.

Kafin iri ya fita sai na gwada shi na sa hannu. A farkon Satumba na ɗebi samfuri arba'in, sha ɗaya suka nuna cutar da mu a gonar gwaji muke kira mai-hawaye. Tana zaune cikin ƙwayar dankali ba a ganinta daga waje. In ta samu ɗumi sai shuka ta yi yaushi tana kore, ta kwanta, 'ya'yan su ruɓe. Mafi muni, in ta shiga ƙasa da ruwan da ke bin gonaki, sai a shekara bakwai ko fiye ba a shuka dankali a wurin ba. Na sake gwajin, haka ya fito.

Na kai wa Dokta takardar. Ya daɗe yana dubawa, ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce a can sama sanyi zai danne cutar, ba za ta tashi ba. Akwai gaskiya a maganar, amma ni da shi mun san manoman sama suna sayar da iri ga na kwari, mun kuma san shekarun nan sanyin ba kamar na da ba ne. Ya ce zai aiko mini da wasu samfurorin in sake gwadawa. Ina bakin ƙofa ya tambaye ni shekara nawa na yi ina aikin kwantiragi. Na ce ashirin da uku. Ya ce wannan ai zalunci ne, kuma sunana yana cikin waɗanda za a tabbatar a baɗi, shi ne ma shugaban kwamitin.

Samfurorin da ya aiko daga irin gonar jami'a suke, ba na kwarin ba. Na gane su da gani. Suka fito lafiya lau, na sa hannu.

Da na yi shiru na haɗiye abina, da labarin ya ƙare a nan. Amma bayan kwana biyu wani tsohon ɗalibinmu da ya zama babban ma'aikaci ya zo da motar ofis. Ni na yi masa gwajin ƙasa har sau sittin lokacin da yake rubuta kundinsa. Ya tare ni a baranda, ya gaishe ni gaisuwar wanda bai tuna fuskar ba, ya tambaye ni ina zai samu Don Nicanor. Sabuwar malafa ya kawo masa. Da rana da na je sito, malafar tana kansa, leburori suna tsokanarsa wai ya zama ango.

Na jira suka watse. Ya buɗe ƙunshinsa, dafaffen dankali da cuku da yaji, ya tura mini rabi. Sai na gaya masa komai: samfuri arba'in, sha ɗayan, maganar Dokta, da sa hannuna. Ban gaya masa don nauyi ya ragu a zuciyata ba, ban kuma gaya masa don a ceci kowa ba. Na san saura shekara uku ya yi ritaya. Na san 'yarsa Yolanda, jaririyar nan da aka goyo daga ƙauye, tana shekarar ƙarshe a tsangayarmu, kuma Dokta Baldeón ne ke duba kundinta. So nake in ga mutumin kirkin nan ya ji, ya auna, ya yi shiru kamar yadda na yi. So nake ko sau ɗaya mu zama daidai.

Ya ajiye abincin, ya shiga ciki ya kwance buhu, ya fara yanka da wuƙarsa yana matsawa. Goma na farko ba komai. Ta gaba da ya matsa sai farin ruwa kamar mugunya ya tsattsafo a zagayen cikinta. Ya ce dama tun da aka kawo su ya ga ƙasa tana manne a idanun wasu ƙwayoyin, alamar suna tsattsafo da ruwa, ya ce wa kansa ai Yaya Injiniya zai duba.

Na ce masa, "Cikin ƙauyukan nan sha huɗu babu namu. Ba ka san kowa a can ba."

Ya ce, "Su ma dankalin suke ci."

"Yolanda fa?"

Ya goge wuƙar a wandonsa, ya tona rami a bayan sito ya binne waɗanda ya yanka, ya wanke hannu. Malafar tana nan a kansa, ya manta da ita.

Kwana tara bai ce wa kowa komai ba. Ban taɓa yin kwana tara masu daɗinsu ba. Ina cin abinci har in nemi ƙari, har Zenobia ta tambaye ni ko an yi mana ƙarin girma ne. A rana ta shida aka turo babbar mota a fara kai wa ƙauyuka biyu mafi nisa, don hanyarsu tana yankewa da zarar ruwa ya sauka. Daga tagar ɗakin gwaji na ga Nicanor ya buɗe sito da hannunsa, ya tsaya ana lodi, har ya kama wa wani lebura buhu. Na ce a raina, to Sarkin Dankali, barka da zuwa cikinmu.

A rana ta goma ya sa rigarsa ta zuwa coci ya shiga ofishin Dokta. Sakatariyar ce ta ba ni labari daga baya. Wai ya ajiye ƙwaya biyu yankakku a kan tebur, ya roƙe shi kamar mai roƙon ubansa, ya ce a ɗaga rabon zuwa baɗi, shi da kansa zai yawaita iri mai tsabta a gonar jami'a ko da ba zai huta ranar Lahadi ba. Dokta ya tambaye shi a wace makaranta ya karanci cututtukan tsirrai, ya nuna masa takardar da na sa wa hannu, ya kuma tuna masa cewa yana da 'ya mai ƙoƙari, abin tausayi ne a ce wani abu ya kawo mata cikas.

Ya rubuta wa shugaban tsangaya takarda, ya kai kwafe ofishin karɓar koke. Aka buga masa hatimi aka ce ya jira. Kwana huɗu shiru, ga biki saura kwana uku. Sai ya cika bokiti da dankali, ya rufe shi da buhu, ya kulle sito ya sa makullin a aljihu, ya shiga motar haya ya tafi ofishin hukumar gwamnati mai kula da lafiyar tsirrai. An ce ya yini a kan benci da bokitin tsakanin ƙafafunsa kafin wata ma'aikaciya ta yarda ta saurare shi. Ita ma da ta ga ya yanka ya matsa, ba ta ƙara tambayarsa komai ba.

Kashegari suka zo da motarsu suka liƙa wa sito takardar hana fita. Nasu gwajin ya fi nawa muni. Aka soke biki. Aka haƙa babban rami a ƙarshen gona, aka zuba buhunan nan, aka rufe da farar ƙasa. Dokta yana tsaye har aka gama, ni kuwa ban fito daga ɗaki ba.

Nicanor bai tsaya kallon binnewar ba. Ya bi sawun motar nan da ta fara kai iri ƙauyuka biyu. A ƙauye na ɗaya ya tarar ba su shuka ba, suka mayar da buhunan suna gunaguni. A na biyun, Pucarumi, ruwa ya riga ya sauka, gida biyar sun shuka. Dole aka tone gonakin aka hana su dankali. Mutanen Pucarumi ba su gode masa ba. A wurinsu shi ne jami'ar, direban motar ma ya gaya musu shi ne ya buɗe sito ya yi lodin. Wata tsohuwa mai suna Doña Ceferina, wadda gonarta ta fi ta kowa girma cikin biyar ɗin, ta jefe shi da ɓurɓushin ƙasa ta bi shi da zagi har bakin hanya.

A jami'a aka kafa kwamiti. A can na fara ganin takardar da ya rubuta. A kan fallen littafin makaranta take, da biro, rubutu manya-manya yana karkacewa, kusan kowane layi da kuskure. Na karanta ta sau biyu ina neman sunana. Babu. Ya rubuta cewa shi kaɗai ya gano abin, da idonsa da wuƙarsa. Da aka tambaye ni yadda gwajina ya nuna iri lafiya, na ce wataƙila magungunan gwajin ne suka rage ƙarfi, saboda yawan ɗauke wuta da ke kashe firij. Kowa ya gyaɗa kai. Amsar ta yi wa kowa daɗi.

Masu ɗaukar nauyi suka janye. Dokta Baldeón ya samu wuri a wata jami'a a bakin teku, aka yi masa liyafar ban kwana. Shi kuwa Nicanor aka same shi da laifi biyu: fitar da kayan jami'a ba izini, wato bokitin dankalin nan, da kai maganar cikin gida waje kafin a gama bincike. Ba a kore shi ba. An karɓe makullin, aka tura shi tashar jami'a ta kiwon alpaka, wasu dabbobin tsauni da ake kiwo don gashinsu, tafiyar awa shida, a wani fili mai tsawo inda ko itace ba ya tsirowa. Leburori goma sha biyu da aikin ke biya suka rasa abin yi. Mutanen da suka shekara suna cin masararsa ne, amma ɗayansu ya tofa yawu a gabansa, wani ya rubuta maci amana da gawayi a ƙofar sito. Malamai ba wanda ya yarda ya karɓi kundin Yolanda, sai da ta yi shekara biyu tana yawo da shi. Ta ce wa uwarta ubanta ya fi tausayin 'ya'yan da bai taɓa gani ba a kan tasa 'yar, ta daina yi masa magana.

Ni kuwa a shekarar da ta biyo aka tabbatar da ni, don sunana ya riga ya shiga jeri.

Za a zaci a nan zuciyata ta huce. Ga shi can cikin sanyi yana kwashe kashin dabbobi, ga ni da aikin dindindin da teburi sabo. Ba ta huce ba. Zenobia ta zauna ta saƙa masa rigar sanyi mai kauri, irin wadda ta shekara uku tana ce mini za ta saƙa mini. Labari ya kai sauran ƙauyukan da iri bai je ba, sai ga manoma suna zuwa bakin ƙofar tsangaya, sun yi tafiyar yini, suna tambayar mutumin bokiti. In aka ce ba ya nan sai a nuna musu ni, wai ga ɗan'uwansa. Su damƙa mini buhun busasshen dankali ko curin cuku, su ce in kai masa, in ce sun ji abin da ya yi. Har wahalarsa sai da na yi ƙyashinta. Ina kallon kaina a gilashin ɗakin gwaji in ce, wannan da ni na yi, da ni ake nema.

Da kayan suka taru har Zenobia ta fara magana, na ɗauki hutun kwana biyu na kai masa. Na iso da hantsi. Yana cikin garke yana ɗaure wa wata alpaka ƙafa, leɓɓansa sun tsage, ya rame, yana tari. Ya gan ni ya washe baki, ya ce yau Yaya Injiniya ya zo gwada kashin dabbobi ne. Ya dafa mana shayin ganyen koka, muka zauna a jikin katangar duwatsu inda iska ba ta kaiwa sosai. Ya tambayi kowa da kowa, har wanda ya tofa masa yawu, ko ya samu aiki.

Na tambaye shi me ya sa bai sa sunana a takardar ba. Ya ce in ya sa za a kore ni, kuma ba zai ƙara wa takardar komai ba, dankalin ya isa shaida. Ya ce ai ni na yi mai wuyar, da ban zo na gaya masa ba da duk ƙauyukan sun shuka.

Wannan ne na kasa ɗauka. Na ce masa, "Ba don haka na gaya maka ba. So nake ka yi shiru. So nake in gan ka ka zama irina. Ranar da ka yi lodin motar nan ina taga ina jin daɗi."

Ya juya kofin a hannunsa. Can ya ce, "To ai ka gani. Na yi shirun."

Na ce kwana tara ne kawai.

"Kwana taran nan ne gonakin Pucarumi," in ji shi. "Kullum in tashi da niyyar zuwa, in tuna Yolanda, in ce gobe. Ni na san abin da ke cikin buhunan na kama aka ɗora. Masu aiko da cukun nan ba su san wannan ba. Tsohuwar da ta jefe ni ita ce ta san ni."

Sai ya ce tunda yau ranar faɗin gaskiya ce, shi ma yana da tasa. Tun ranar da na dawo ƙauye da agogon nan yake jin haushina. Ya ce kwana uku ya yi yana rubuta takardar da ni zan rubuta kafin shayi ya huce, kuma da ya miƙa ta ya ga sakatariya tana danne dariya. Ya ce da shi aka tura birni aka bar ni da fartanya, da yanzu shi ne Dokta, ni kuma da yunwa ta kashe ni tuntuni, don ko kunyar gona ɗaya ban iya ja daidai ba. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ni ban yi ba. Na zo ne ya zage ni, ko ya kore ni, in samu abin riƙewa a kansa, bai ba ni ba.

Kafin in tafi ya ce akwai abin da yake so. Mutanen Pucarumi ba su da yadda za su san ranar da ƙasarsu ta warke, ko su yi ta jira a banza, ko su yi gaggawa su sake jawo cutar. Ana bukatar mai gwada musu ita duk shekara. Ya ce ba roƙona yake ba, yana faɗa ne kawai tunda ni ne mai farar riga.

Ya ƙarasa shekarunsa uku a can sama, ya yi ritaya da ƙirji mai ciwo. Ba a yi masa liyafa ba. Yanzu yana gida yana renon dashen albasa da latas a bayan ɗaki, Demetria tana kaiwa kasuwa. Yolanda ta gama, tana aiki da wata ƙungiyar manoma. Tana zuwa ranar Lahadi, suna hira a kan iri da taki, amma maganar waccan shekarar ba ta taɓa tashi tsakaninsu ba. Irin Dokta Baldeón bai mutu ba, wata malama ta ɗauko shi daga ɗan abin da ya rage a gonar jami'a, an fara raba shi a hankali. Abin da na faɗa wa kwamiti kuwa yana nan a fayil yadda na faɗe shi.

Duk watan Agusta muna zuwa Pucarumi ni da shi, ranar Asabar. Ni nake ɗibar ƙasa da ruwa, shi yake riƙe jaka yana nuna mini inda ruwa ke kwanciya. A bara gonaki uku sun fito da tsabta, an sake shuka dankali a cikinsu. Biyu da saura, har da ta Doña Ceferina, wadda har yau wake da sha'ir take nomawa. Ba ta yarda Nicanor ya taka gonarta. A bayan katanga yake tsayawa, ni in shiga.

Wannan zuwan na ƙarshe, da na gama ɗiba, ta jawo ni ƙofar ɗakinta ta zaunar da ni a kan fatar tunkiya. Ta kawo mini dafaffen wake mai zafi da cuku, ta riƙe hannuna da hannayenta biyu. Ta ce ni ne mutumin kirki, ni da nake barin iyalina ina zuwa duba ƙasar talakawa ba a biya ni ba, ba kamar wancan da ya kawo musu masifa ba. Ta ce Allah ya ba ni ladan, kuma tana sa ni a addu'a. Ta faɗa da ƙarfi don ya ji.

Ban gyara mata ba. Na cinye rabin waken, na zuba sauran a aljihu. Da na fito yana zaune a kan dutse yana mayar da numfashi, jakar a cinyarsa. Muka kama gangara zuwa inda mota ke tsayawa, a hankali saboda ƙirjinsa. Mun yi nisa kafin na ciro waken na miƙa masa. Ya ci, ya ce tsohuwar nan ta iya dahuwa, gishiri ne kawai take yi wa rowa.